Bawan da ya ratsa Damagaram ya zama sajan a Amurka, mu ba shi allo guda

In muka tare mutum goma a kasuwar Dole ta Damagaram muka tambaye su wane ne Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, da wuya a samu ɗaya da ya taɓa jin sunan. Alhali a wannan gari aka bi da shi yana yaro, a cikin ayarin bayi.

Haifaffen Kukawa ne a ƙasar Barno, wajen shekarar 1836. Mahara suka kama shi, aka sayar, aka ratsa da shi Damagaram da Hamada har Murzuk da Tarabulus. Daga nan sai Santambul, sai Rasha, inda ya yi barantaka a gidan wani basarake, aka raɗa masa suna Nicholas Said. A 1860 ya isa Amurka. Da yaƙin basasa ya yi zafi, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, rundunar baƙaƙen fata, har ya kai sajan. Ba wanda ya tilasta shi. Mutumin da ya san ɗacin bauta ne ya ɗauki bindiga don a kwance wa wasu igiya. Bayan yaƙi ya koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a kudancin ƙasar, kuma a 1873 ya buga tarihin rayuwarsa da alƙalaminsa.

Amurkawa sun gina wa sojojinsu baƙar fata wurin tunawa a birnin Washinton, da sunaye sama da 200,000 a jikin bango. Mu fa, me muka yi?

Mun san abin da wasu za su ce: ai mutumin ya karɓi addinin Kirista a Rasha, kuma tonon zancen bauta tonon silili ne. Amsarmu ita ce, ba shi ya kai kansa can ba. Hannun mutanen yankinmu ne ya miƙa shi, da kuɗi aka yi cinikinsa. Kuma zancen bai tsufa ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda "asali".

Abin da muke roƙon magajin garin Damagaram da fadar Sarki bai fi ƙarfinsu ba: allo guda kusa da Birni, da Hausa da Barbarci da Faransanci, ɗauke da sunansa da hanyar da aka bi da shi. Malaman tarihi kuma su ba shi ko darasi ɗaya a aji.

Yaron da ake yi wa gorin asali a unguwa yana da haƙƙin ya tsaya gaban allon nan, ya karanta inda wani bawa ya kai.