Raddi Ga Masu Cewa Rigakafin Mura Damfara Ne

Da zarar hunturu ya kama, sai wata magana ta farfaɗo a majalisu: wai allurar rigakafin murar infuluwenza hanyar tatsar kuɗi ce. Hujjarsu ita ce rigakafin ƙyanda sau ɗaya ko biyu ake yi wa yaro a gama, amma na mura kowace shekara sai an sabunta. Suna ƙarawa da cewa wanda aka yi wa ma ba ya rabuwa da majina, kuma ai sanyi ne kawai, kafson kemis ya wadatar.

Bari a fara da batun ƙyanda, tunda da shi suke tinƙaho. Duk mai wannan kwatanci bai taɓa tambayar yadda ƙirar ƙwayar take ba. Bairos ɗin infuluwenza ɗan dunƙule ne, an lulluɓe shi da fatar maiƙo, jikinsa duk ƙayoyi iri biyu. Wadda ake kira H, da ita yake maƙalewa a ƙwayoyin maƙogwaro ya kutsa ciki. Wadda ake kira N kuwa ita ke kwance sababbin 'ya'yansa su bazu. Waɗannan ƙayoyin su garkuwar jiki ke shaidawa. To, sinadarin da ke kwafe masa bayanan gado kamar magatakarda ne da ba ya sake karanta abin da ya rubuta. Kuskure na taruwa, kan H yana sauya siffa, har garkuwar bara ta kasa gane shi bana. Bairos ɗin ƙyanda shi ma yana kuskure, amma ƙayoyinsa in suka sauya sosai sai su daina aiki, shi ya sa rigakafin da aka fara a 1963 har yau yake cin kasuwarsa. Ina laifin kamfanin allura a nan?

Ba a nan ta tsaya ba. Bayanan gadon infuluwenza nau'in A guntaye takwas ne. Idan iri biyu suka haɗu a ƙwayar jiki guda, ta alade ko ta mutum, sai su yi musayar guntaye, a wayi gari da sabon iri. Haka H2N2 ya ɓulla a 1957, H3N2 a Hong Kong a 1968, sai H1N1 na 2009 da ya kwaso gado daga alade da tsuntsu da ɗan Adam. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da jerin ɗakunan gwaji masu bibiyar wannan sauyi, kuma duk Fabrairu da Satumba take sanar da irin da za a sa a allura. Mamaki ne a ce damfara ake shiryawa a bainar jama'a haka!

Batun majina bayan allura kuwa, ba wanda ya ce rigakafin na karewa ɗari bisa ɗari. Wata shekarar hasashen ba ya dacewa sosai. Sannan ƙwayoyin rainobairos, masu haddasa yawancin atishawa, sun haura iri 100, allurar ba tasu ba ce.

Sanyi fa? Wane sanyi ne ya kashe kaji a Jaji ta Jihar Kaduna da Magariya ta Nijar a Fabrairun 2006? H5N1 ne, ɗakin gwaji ya tabbatar. Tun 1933 aka ware ƙwayar infuluwenza daga majinyata a Landan. Sanyi da bushewar iska taimaka mata yaɗuwa suke yi, ba haifar ta ba.

Kafson kemis kuma bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos. Wanda likita bai rubuta masa ba, ya ajiye kuɗinsa.