Kafin a Ce Gasket Ya Ƙone, a Gwada Mana



Duk watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, za ka ga motoci a gefen hanyar Numan ko ta Mubi, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Da an ja mota zuwa gareji a Jimeta, hukunci ɗaya ne: "Alhaji, gasket ya ƙone, sai an sauke top." Babu gwaji, babu tambaya. Wannan ɗabi'a tana cin kuɗin mutanenmu, kuma ya kamata mu daina amincewa da ita.

Gasket ɗin da ya ƙone yana da alamunsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi ɗumi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, kumfa na tasowa a lagireto, ruwa na raguwa alhali babu yoyo a ƙasa. Akwai kuma gwaji: a matsa iska cikin lagireto a ga ko za ta zube, a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Sau da yawa laifin na murfin lagireto ne, ko tiyo da ya tsage, ko fanka, ko famfon ruwa. Me zai sa a buɗe inji saboda murfi?

Ko gasket ɗin ne, ba haka kawai yake ƙonewa ba. Yawanci zafi ne ke kashe shi. Wanda ya sa sabo bai gano dalilin zafin ba, bai duba ko top ya lanƙwashe ba, zai sake ganinka nan da 'yan watanni.

Mu ma masu mota muna da laifi. Muna ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke barin tsatsa da dattin da ke toshe lagireto. Ruwan sanyaya inji na gaskiya yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar tsuran ruwa. Araha ba ta ado.

Sai masu cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne. Motocin Saudiyya da Dubai da shi suke yawo. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka cire, zai ƙara shan mai, ya yi saurin tsufa, ainihin matsalar kuma tana nan a ɓoye.

Makanikanmu na gari suna nan, kuma ba sa jin haushin tambaya. Don haka ka ce a gwada a gabanka kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. In allurar zafi ta hau, ka tsaya ka kashe mota, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya.

Sakataren Ƙungiya