RA'AYINMU: Idan Mai Gyaran Ƙauye Ya Kwanta Dama

Babu ƙauyen da za ka shiga, tun daga Bebeji zuwa Kiru, ka gangara Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa, da ba za ka tarar da irin wannan bawan Allah ba. Manomi ne ɗan manomi, a gandun mahaifinsa ya buɗe ido, bai taɓa riƙe takardar shaidar wata sana'a ba. Amma in ƙotar fartanya ta karye wurinsa za a je, in rumbu ya tsage shi zai yaɓe, in guga ya faɗa rijiya shi za a kira, in keke ko injin niƙa ya ƙi, a ƙofar gidansa za a ajiye. Da wannan da ɗan abin da ya noma ya ci da iyalinsa, ya aurar da 'ya'yansa, ya riƙe marayun ɗan'uwansa. Ran da ya cika sai a yi masa sutura, a zauna makoki na kwana uku, kowa ya ce mutumin kirki ne, a watse.

Duniya ta san Bebeji da Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a can a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Ta san madatsar ruwan Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974. Wannan duk daidai ne. To amma ruwa ba ya kai kansa gona. Lokacin da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa a fadamu cikin shekarun 1980, wa ya riƙa raya su bayan jami'ai sun koma ofis? Wannan dattijo ne ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya, ya kwance inji ɗaya bayan ɗaya, ya ɓata ya gyara, har ya kai ga jin ƙarar inji kawai ya san fulogi ne ko datti ne a mai. Babu wanda ya koya masa sai buƙata da haƙuri.

Abin tambaya, 'yan uwa, shi ne: in an binne shi, wa ya gaje shi? A gidaje da yawa amsar ita ce babu. 'Ya'yan sun tafi birni tuƙin adaidaita sahu ko dako a kasuwa, akwatin sifanu da guduma kuwa ya yi tsatsa a zaure har a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Kada mu yi saurin zargin yaran. Mu ne muka koya musu. Sun tashi suna ganin ubansu ya bar nomansa ya wuni a kan rufin ɗakin maƙwabci, a ƙarshe a sallame shi da "sannu da aiki" da goro ɗaya, alhali mutumin da ya yi masa haka in ya je birni ba ya ko taya wa bakanike kuɗin gyara. Wai don shi na gida ne! Yaron da ya ga sana'ar ubansa ba ta sayi ko taki buhu ɗaya ba, da wane baki za a ce masa ya gaje ta? Mun manta cewa Annabi Dawuda (AS) maƙeri ne, Annabi Zakariyya (AS) kuma kafinta ne, mun mayar da aikin hannu abin wanda ya rasa abin yi.

Ga shi kuwa yanzu ne aka fi buƙatar irinsa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani da dama suka koma famfon sola. In ya lalace a wani lungu na Doguwa, kai shi Kano tafiyar sa'o'i ce da kuɗin mota, tumatir da albasa kuwa ba sa jiran kowa. Kwana kaɗan ba ruwa, wahalar rani guda ta tafi a banza.

Don haka muna kira ga jama'a da su fara da biyan mai gyara haƙƙinsa cikakke, kuma a kan lokaci, ko da ya yi kawaici bai tambaya ba. Iyaye su tura yara wurinsa bayan an tashi daga makaranta, don boko da allo ba sa hana riƙe sifana. Magada su bar kayan aikinsa a hannun wanda zai yi aiki da su. Ƙananan hukumomin nan huɗu kuma su nemo waɗannan dattawa tun suna raye, su haɗa su da matasa da masu koyar da gyaran sola, maimakon rabon kayan sana'a ga wanda bai iya ba, ya sayar kafin magariba.

Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙansu, Ya sa kowace rijiya da suka yashe ta zama haske a kabarinsu. Waɗanda suka saura kuwa, mu girmama su tun suna iya jin godiyarmu.