Shirun Bahaushiya a Ɗakin Haska Hanji

A bara na raka gwaggona, mazauniyar Unguwar Shanu, wani asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna domin a haska mata babban hanji, aikin da likitoci ke kira kolonoskofi. Da aka fito da ita, ma'aikaciyar jinya ta yaba mata cewa ko tari ba ta yi ba. Muna isa gida ta ce da ni: “Ɗan nan, tun haihuwar fari ban ƙara jin azaba irin ta yau ba.” Na tambaye ta dalilin da ya hana ta faɗa, sai ta ce, “A gaban maza zan yi raki?” Wannan amsa ce ta haifar da wannan ɗan rubutu, domin ina ganin matsalar ta harshe da al'ada ce kamar yadda take ta likitanci.

Aikin kansa shi ne a zura doguwar na'ura mai lanƙwasuwa, mai ɗauke da fitila da kyamara, ta dubura har ƙarshen babban hanji, ana hura iska domin hanya ta buɗe. Da shi ake gano sankarar hanji, a kuma cire tsiron da kan rikiɗe ya zama ita. Likitoci sun daɗe da sanin cewa aikin ya fi wuya a jikin mata. Binciken da Saunders da abokan aikinsa na asibitin St Mark's da ke Ingila suka wallafa a 1996 ya nuna matsakaicin tsawon babban hanjin mace ya kai santimita 155, na namiji kuwa 145, kuma na mace ya fi yawan saukowa cikin ƙugu. Sai na'urar ta riƙa naɗewa tana miƙar da hanji, nan ne tushen zafin. Idan an taɓa yi wa mace tiyatar haihuwa ko ta cire mahaifa, tabon ciki kan manne hanji, wahalar ta ƙaru.

Hanyoyin sassauci kuwa sanannu ne: allurar kwantar da hankali irin midazolam haɗe da ta kashe zafi, ko barcin propofol a hannun likitan sa barci, ko amfani da ruwa a madadin iska, ko sauya kwanciya da danna ciki. Amma in ban da cikakken barci, duk sun dogara ne ga abin da majinyaciya ta furta. Likita yakan ƙara magani ko ya dakata idan ya ji koke. To, ita Bahaushiya an rene ta a kan kunya da dauriya. Wadda ta yi ihu a naƙuda takan zama abin zolaya a tsakanin kishiyoyi da dangin miji, kuma ambaton dubura a gaban baƙon namiji abin nauyi ne. Lewis Wall ya tattauna matsayin kunya a rayuwar matan Hausawa cikin littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa. Saboda haka wadda jikinta ya fi shan wuya ita ce al'ada ta fi ɗaure wa baki, shirunta kuma a rubuta shi a matsayin sauƙi.

Wani zai ce magungunan suna da tsada, likitocin sa barci sun yi ƙaranci, kuma sa barci yana da nasa haɗari ga numfashi. Gaskiya ne. Sai dai tambaya ba ta da tsada, rashin yin ta ne ke da ita. Matar da ta sha azaba ba za ta koma ba, za ta kuma ba da labari a gidan suna da makarantar Islamiyya. Mai ganin jini a bayan gida sai ta ce basir ne, ta koma ga jiƙe-jiƙe har ciwo ya ci ƙarfinta.

A nan ne aikinmu yake. Tambayar “Akwai zafi?” amsarta a bakin mai kunya ita ce “Da sauƙi.” Amma Hausa ta bambance zogi da raɗaɗi, murɗa da suka, ƙullewa da kumburi. Wadda aka tambaya, “Baba, murɗa miki yake yi ko suka?” an ba ta zaɓi tsakanin kalmomi biyu, ba a tilasta mata amsa sunan raguwa ba. Tun 1975 Ronald Melzack ya gina ma'aunin zafi na McGill a kan kalmomin Ingilishi. Mu ma muna da ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, muna kuma da tsofaffin mata da ungozomai da za a tattaro kalmomi daga bakinsu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake fahimta. Jami'ar Jihar Kaduna kuwa tana da masana harsunan Nijeriya, tana kuma da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ina ba da shawarar ɓangarorin biyu su zauna su tsara takardar neman amincewa da Hausa, a boko da ajami, wadda za ta faɗi zaɓin maganin zafi da kuɗinsa kafin a fara. A haɗa da jerin kalmomin zafi da aka gwada a kan mata, da wata alama ta hannu da majinyaciya za ta yi ba tare da buɗe baki ba, da kuma mace ma'aikaciya a kusa da kanta wadda za ta ce mata tun farko: faɗin ciwo a nan ba raki ba ne, taimakon likita ne. Mun daɗe muna nazarin kunya a matsayin ado na ɗabi'ar Bahaushe. Ya kamata mu nazarci abin da take jawo wa iyayenmu mata a kan gadon asibiti.