Ra'ayinmu: Mai Kira Shi Ke Biya

Tun ranar da aka fara jan wayar tarho zuwa gidajen jama'a a ƙasar nan, ƙa'idar da kowa ya sani guda ɗaya ce: wanda ya buga shi ke biya, wanda aka buga wa kuwa nasa ɗauka ne kawai. Ba a taɓa jin baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, sa'an nan a ce maigida ya biya kuɗin amsawa ba.

Abin da ya sa muka ta da wannan magana shi ne kukan da wata 'yar'uwarmu ɗaliba, mutuniyar Ruwan Bore, ta kawo ofishin wannan mujalla. Mahaifiyarta tana da 'yar wayar hannu, amma ba ta buga wa kowa. Amfaninta dai 'ya'yanta su kira su ji lafiyarta. Ɗiyar takan sa mata katin naira 500 saboda ko-ta-kwana. Ran da aka tashi neman mota cikin dare don kai majinyaci asibiti a Gusau, sai aka tarar babu ko kwabo a ciki. Da aka bincika, ashe an liƙa wa layinta waƙar nan da mai kira yake ji kafin a ɗauka, ana ta zare kuɗinta. Waƙar da ba ta nema ba, ba ta kuma taɓa ji da kunnenta ba! Wato ke nan ana karɓar kuɗi a hannunta don kawai ana kiranta.

Wannan cuta ba yau aka fara ta ba. Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar duka ba su kai 19,000 ba. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan ba su wuce kimanin 400,000 ba, galibinsu a ofisoshi da gidajen masu hali na birane. Iyayenmu da suka ga zamanin suna tuna yadda maigida kan sa wa tarhonsa kwaɗo don kada yara su buga, ya zama na amsawa kaɗai, amma duk da haka takardar kuɗi ta zo ƙarshen wata ɗauke da kiran ƙasashen da bai san kowa a cikinsu ba, domin wani ɓarawo ya hau layinsa a kan hanya. In bai biya ba a yanke masa waya. Tarhon girke ya kau, amma halin ɗora wa mutum bashin da bai ci ba ya biyo mu har cikin aljihu.

Za a iya ce mana ai a Amurka an daɗe ana lissafa wa mai wayar hannu mintocin kiran da ya amsa. Gaskiya ne, amma da saninsa ya shiga wannan yarjejeniya. Ko a zamanin tarhon girke, in mai kira ya so a juya kuɗin a kan wanda ya kira, sai ma'aikacin gidan waya ya tambayi mai amsawa ko ya yarda. Yarda ita ce gishirin ciniki. Abin da aka ɗauka ba da ita ba, kome ƙanƙantarsa, haƙƙi ne, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Doka kuwa ba ta bar mu haka ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda aka kafa a 1992, ta fito da lamba 2442 a 2016, inda mutum zai aika da kalmar STOP a daina damunsa da saƙonnin talla. A 2018 ta haramta wa kamfanoni sa mutum cikin wani tsari na biya ba da amincewarsa ba. Tana kuma da lamba 622 ta kai ƙara kyauta, in kamfani ya ƙi sauraron mai kuka. To, amma tsohuwa a Ruwan Bore, ko manomi a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, wa ya gaya musu? Rashin sani ya fi dare duhu.

A nan ne nauyi ya hau kanmu, 'yan'uwa ɗalibai. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira har kashi 50 cikin 100, saboda haka kowane kwabo na iyayenmu ya ƙara daraja. Muna roƙon duk wanda ya je hutu ya karɓi wayar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa da ta maƙwabta, ya duba abin da aka liƙa musu, ya soke wanda ba su nema ba, ya kai kuka ga kamfani, in an yi biris da shi ya buga 622. Ga kamfanoni kuwa muna cewa, duk tambayar da ta shafi kuɗin mutum a yi masa ita da harshen da yake ji, a kuma jira amsarsa. In karatun da iyayenmu suka sayar da hatsi suka biya mana bai iya tsare musu naira 500 ba, me za mu ce mun koyo?