Wasan Gicciyen Kalmomi: Sanin Amsa Ko Sanin Dalilinta?

Akwai wani abokin karatuna da kullum safiya, kafin malami ya shigo aji, za ka tarar da shi ya duƙufa a kan wayarsa yana cike ɗan ƙaramin wasan nan da Turawa ke kira crossword, wanda a wannan rubutu zan kira shi wasan gicciyen kalmomi. Ran nan ya nuna mini cewa ya gama na ranar bai cika minti ɗaya ba. Na yaba masa, sannan na ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin amsoshin, na ce ya gaya mini yadda aka yi ta zama amsa. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ma bai sani ba, haruffan sauran kalmomin ne suka fito da ita, wata kuma a intanet ya leƙo ta. Wannan hira ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina ɗalibin harshe da ya cike gurabe bai fahimci dalilin amsa ba, ya yi asarar abin da ya fi amfani a wasan.

Ga wanda bai saba da shi ba, wasan zane ne mai gurabe kamar na dara, wasu farare wasu baƙaƙe. Ana rubuta harafi ɗaya a kowane farin gurbi, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, suna gicciye juna. Kowace kalma tana da 'yar jimla da ke nuni gare ta, wadda za mu kira ishara. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya buga na farko a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Jaridar The Times ta Landan ta fara nata a 1930, New York Times kuma a 1942. A shekarar 2014 ne New York Times ta fito da ƙaraminsa da ake kira Mini, wanda Joel Fagliano ya fara tsarawa, mai gurabe biyar a kwance biyar a tsaye, in ban da ranar Asabar da yake kai wa bakwai-bakwai. Shi ne irin wanda abokin nawa yake yi.

To, mene ne ruwan ɗalibin harshe da wannan wasa? Amsar ita ce ishara ba a rubuta ta kara zube. Tana da ƙa'idoji, kuma kusan dukkansu na nahawu ne. Zan kawo su da misalan Hausa da na ƙirƙira don mu fi fahimtar juna.

Ƙa'ida ta farko ita ce dole ishara da amsa su dace a ajin kalma da adadi da lokaci. Idan ishara jam'i ce, amsa ma jam'i ce. Alal misali, idan aka ce "masu sayar da nama", amsa ita ce mahauta, wanda ya rubuta mahauci bai karanta ishararsa da kyau ba. A Hausa kuwa har da jinsi zai shigo: "mace mai koyarwa" malama ce. Haka nan "ba da kuɗi a karɓi kaya" ya bambanta da "ba da kaya a karɓi kuɗi", na farko saya, na biyu sayar. Duk wanda ya sha wahalar darasin gire-giren aikatau zai ga cewa ga shi nan ya dawo masa a cikin wasa.

Ta biyu, ishara takan faɗi irin rigar da amsa ta sa. Idan an gajarta wata kalma a cikinta, ko aka ce "a gajarce", to amsa ma gajartacciya ce. "Zauren ƙasashen duniya, a gajarce" zai ba ka MDD. Idan aka ambaci wata ƙasa ko wani gari, mai yiwuwa ana son kalmar a harshen mutanen wurin. Turawa sukan yi haka da Faransanci ko Sifaniyanci, mu kuwa muna da kare-karen harshenmu: "'ya a bakin Basakkwace" ita ce ɗiya.

Ta uku ita ce ta fi daɗi. A wasannin Amurka, idan ka ga alamar tambaya a ƙarshen ishara, hannunka mai sanda ake yi maka cewa akwai wasa da harshe, kada ka yarda da ma'anar da ta fara zuwa maka. Mutanen Ingila sun fi kowa nisa a nan. A wasanninsu kalmar flower ba lalle ta nufi fure ba, tana iya nufin kogi, wato abin da ke gudu, daga aikatau flow. Wata dabarar kuma ita ce, da yake kowace ishara da babban baƙi take farawa, kalma irin Polish tana iya zama mutumin Polan ko kuma goge takalmi, ba ka da hanyar ganewa sai ka gwada duka biyu. Wanda haruffan gefe suka cike masa irin wannan amsa ya wuce bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba, gobe ma tarkon zai sake kama shi.

Na san akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, gara mutum ya buɗe littafi. Wasu kuma suna cewa wasan cike yake da sunayen 'yan wasan ƙwallon Amurka da shirye-shiryen talabijin ɗinsu, waɗanda ba su dame mu ba. Magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, domin sau da yawa ɗalibi a nan yakan kasa amsa ba don Turancinsa ya gaza ba, sai don ba a ƙasar ya tashi ba. Amma wannan ƙorafi, in aka duba da kyau, hujja ce ta mu yi namu. Ita kuwa maganar ɓata lokaci, minti biyar ne a rana, kuma a cikinsu mutum yana yin abin da malaman ilimin ma'ana ke roƙonmu mu yi a aji, wato ya riƙe kalma ɗaya ya jujjuya ta har ya ga duk fuskokinta.

Haƙiƙa Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Kacici-kacici da muke yi da dare tun muna yara ishara ce da amsa. Idan an kasa, sai a ba mai tambaya gari, shi kuma ya warware. Abin lura shi ne ba a tashi daga wurin sai kowa ya ga yadda amsa ta dace da tambaya. Saboda haka ni ban ga aibin duba amsa ba idan ta gagara, ba da gari ba abin kunya ba ne. Aibin shi ne a karɓi amsa a wuce ba a nemi bayani ba.

Bugu da ƙari, rubutun Hausar boko kamar don wannan wasa aka yi shi. Da yake ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, muna da tarin kalmomi masu kama ɗaya a takarda. Gari na zama da gari na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su, har jinsinsu ma ba ɗaya ba ne. Mai tsara wasa zai iya cewa "ana zama a cikinsa, ana kuma tuƙa tuwo da shi?" ya bar ka da gurabe huɗu. Ga 'yan'uwanmu da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda suke da yawa a wannan sashe namu, ishara ɗaya irin wannan za ta zauna musu a ka fiye da jerin misalai a allo.

Sai dai ba zan ɓoye matsalolin ba. Ta farko, dole a yanke shawara a kan tagwayen baƙaƙe irin sh da ts da ƙw: gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Ni ina ganin a ba kowane harafi gurbinsa, ya fi sauƙi, amma a bar ɓ da ɗ da ƙ da ƙugiyoyinsu, don kada ƙafa ta gicciye kafa a ce an yi daidai. Ta biyu ta fi girma, ita ce ƙirar gaɓar Hausa. Yawancin kalmominmu baƙi ne da wasali, baƙi da wasali, kuma da wasali suke ƙarewa. Idan ka rubuta gari a layin farko na zane mai gurabe huɗu-huɗu wanda ba shi da baƙin gurbi, layi na biyu zai buƙaci kalma mai farawa da wasali ta ƙare da baƙi, irinta kuwa ba ta da yawa a Hausa. Na gwada da gurabe uku-uku, abin da na samu shi ne ina, nan, ana, waɗanda ake karantawa daidai a kwance da a tsaye. Wannan ya nuna mini cewa tsarin Amurka, inda kowane harafi yake cikin kalma biyu, zai wahalar da mu. Tsarin Ingila mai yawan baƙaƙen gurabe, inda kalmomi ke haɗuwa a harafi ɗaya su tsallake ɗaya, ya fi dacewa da harshenmu, domin ana iya sa mahaɗar ta riƙa faɗawa a kan baƙaƙe.

Kayan aiki kuwa muna da su. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman na 2007. Duk ɗalibin da ya zauna ya rubuta ishara goma masu adalci, waɗanda ba su yi ƙarya ba kuma ba su tona amsa ba, zai buɗe ƙamus a wannan zama fiye da yadda ya buɗe shi a zangon karatu guda.

Don haka ina kira ga hukumar wannan mujalla da ta ware rabin shafi a kowace fitowa don ƙaramin wasan gicciyen kalmomi na Hausa, ɗalibai su riƙa tsara shi aji-aji. A fitowa ta gaba kuma kada a buga amsoshi tsurarsu, a haɗa kowace da layi ɗaya na bayanin dalilinta. Shi kuwa abokina, mun yi alkawari cewa daga yanzu ba zai nuna mini daƙiƙoƙinsa ba sai ya iya bayyana mini kowace amsa. Allah ya ƙara mana basira, amin.