Kimiyya a Ɗakin Girki: Ba Fenti Ba Ne, Gilashi Ne

Yau darasinmu yana ɗakin girki. Ku dubi langar da ake zuba wa Baba tuwo, ko tukunyar nan baƙa mai ɗigo-ɗigon fari kamar zabuwa. Yawancinmu mun ɗauka fenti aka shafa musu. To, gilashi ne.

A masana'anta ana niƙa gilashi ya zama gari, a dama shi, a lulluɓe ƙarfen da shi, sannan a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800, har ya narke ya manne. Shi ya sa tumatir ko tsamiya ba sa cin kwanon, kuma ba ya riƙe warin abinci.

Amma ba duka suke ɗaya ba. Akwai mai shafi ɗaya, baƙi ko shuɗi mai duhu. Sinadarin kobalt da ake sa wa gilashin don ya kama ƙarfe yana cikin abin da ke ba shi wannan duhu, ɗigon kuwa ƙwayoyin farin gilashi ne. Akwai kuma mai shafi biyu, wanda ake ɗora fari a kan baƙin, a yi masa furanni, irin langa da fanteka da iyayenmu mata suke jere da su. Idan ya ɓantare, za ku hango baƙin a ƙasa.

Sai kaurin ƙarfen. Marar kauri yana saurin ɗaukar zafi, ya dace da tafasa ruwa, amma yana ƙona miya. Mai kauri ya fi raba zafi daidai.

Tunda gilashi ne, mu riƙe shi kamar gilashi. Kada mu zuba ruwan sanyi a tukunyar da ta yi zafi, domin ƙarfe da gilashi ba sa tsukewa tare, sai ta tsage. Kada mu kankare ta da soson ƙarfe. Mu jiƙa ƙanzo ya saki da kansa. Idan cikinta ya ɓantare, a daina girki da ita: tsatsa za ta shiga, ɓarɓashin gilashi kuma zai iya faɗawa cikin abinci.

Aikin gida: ku duba kwanukan gidanku, ku ware mai shafi ɗaya da mai biyu. Sai mako mai zuwa.